Ƙarfe Uku a Ƙofar Tsibirin Hazo

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ba al'adata ba ce in rubuta abin da ya shafi Tsibiri a cikin wannan littafi. Tsibiri yana da kundinsa, ni ma ina da nawa, kuma shekara ashirin da tara ban taɓa haɗa su ba. Yau zan saɓa.

Saboda wanda zai kwashe takarduna bayan raina, wanda na tabbata ba zai san komai ba: Tsibirin Hazo wasa ne na rubutu zalla. Babu hoto, babu kiɗa. Mutum ya shiga daga na'urarsa, a rubuta masa cewa yana tsaye a bakin gaɓa, shi kuma ya rubuta inda zai nufa da abin da zai faɗa wa waɗanda ya tarar. Ɗaliban jami'a ne suka gina shi a nan Valdivia a 1996, lokacin ina koyar da Latin, suka damƙa mini ƙofa saboda ni kaɗai ce suka kasa yi wa ƙarya. Duk mai son suna sai ya cika takardar rajista, in karanta da idona, in amince ko in ƙi. Duk wanda ya shiga, ko ya yi yunƙurin shiga, na'ura tana rubuta sunan da lokacin a kundin ƙofa, ni kuma ina karanta kundin kullum bayan shayin yamma. A da mun kai dubu biyu. Yanzu mu arba'in da ɗaya ne, kusan dukanmu da tabarau.

Ga layin da na tarar yau: "15:02. Bandurria. Kalmar sirri daidai. Suna a rufe."

Na karanta shi sau uku. Na wanke kofina, na ƙara itace a murhu, na dawo, yana nan.

Ni na rufe sunan, a watan Yulin 2006. Na 'yata ne, Ximena. Ta ɗauko shi daga tsuntsayen nan masu dogon baki da ke tashinmu da ihu a kan rufi.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe biyar

15:01. Kalmar sirri daidai. Suna a rufe.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe biyar da rabi

15:04.

Ɓarawo yakan gwada kalmomi da yawa kafin ya dace. Wannan bai gwada ba, sau ɗaya yake rubutawa, ba kuskure, a tare shi, ya tafi. Mutum biyu ne kaɗai a duniya suka san kalmar. Ɗaya ita ce. Ɗayan mutumin nan ne, wanda ba zan ɓata takardata da sunansa ba.

Ban damu ba. Ina lura ne kawai, aikina ke nan.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Nibaldo ya zo da kek ɗin Jamusawa a cikin kwali, abin da ba ya yi sai yana neman wani abu. Shi ne mai kula da injin da Tsibiri yake zaune a ciki, a garejin gidansa. Ɗalibina ne a da, mai gashi har kafaɗa, wanda bai taɓa gane bambancin aikatau da suna ba. Yanzu shekararsa hamsin da uku, kansa kamar ƙwai, yana gyara wa kamfanin kifi na'urori.

Ya ce injin ya tsufa, yana tari. Ranar Asabar 12 ga Afrilu zai mayar da Tsibiri cikin sabo, kuma sunayen da ke rufe, su sittin da uku, ba za a kwashe su ba. Za su shafe da duk abin da ke hannunsu. Ya faɗi wannan yana yanka kek, bai dube ni ba. Sannan ya ce shi ma yana karanta kundin ƙofa.

Na ce ban san an ba shi wannan izini ba.

"Malama, injin a garejina yake, kusa da keken matata. Layi ɗaya ne fa. Ki rubuta shi, sunan ya buɗe, mu ga wanda zai shigo."

Na tuna masa doka ta huɗu: kalmar sirri ta mutum ɗaya ce, wanda ya ba wani tasa an rufe sunansa. Na tuna masa ta biyar: ba a buɗe suna sai mai shi ya rubuto wa mai tsaron ƙofa ya amsa laifinsa.

"Ai ke kika rubuta dokokin, Malama."

"Shi ya sa ba ni ce zan taka su ba."

Ya ce to aƙalla in bari ya gaya mini daga inda ake ƙwanƙwasawa, na'ura tana nuna adireshi. Na hana shi. Shi da bakinsa ya koya mini cewa ana aron adireshi, shekarar da wasu samari daga Osorno suka yi wata uku suna ce mana daga Japan suke. Ya yi dariya, ya ce ban taɓa mantawa da laifin kowa ba. Na ce ban taɓa mantawa da nasa ba ma, kuma har yanzu bai kawo mini aikin gida na zangon ƙarshe ba.

Ya bar kek ɗin. Ban ci ba.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe huɗu

15:00 jiya. 15:03 yau.

A coci na kasa bin huɗuba. Tunanin da ya zo mini shi ne: wa zai amfana in na buɗe? Tun bara wasu suke cewa a daina rajista ta hannun mutum, a bar na'ura ta riƙa karɓar kowa da kanta, kamar shagon da ba shi da mai shi. In aka ga tsohuwa ta karya dokarta saboda 'yarta, an sami hujja. Nibaldo yana da injin a hannunsa, zai iya rubuta duk layin da ya ga dama a kundi. Kuma me ya sa abin ya fara mako guda da maganar sabon inji?

Na san yaron nan shekara talatin. Bai da wayon yin haka. Amma matarsa tana da shi.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Takardun rajista biyu sun shigo. Na ƙi su duka. Ɗaya ta ce ita mai haɗa magani ce da ta yi ritaya a La Unión, tana neman inda za ta riƙa hira. Rubutunta ya yi tsabta da yawa, kuma ta yi amfani da wata kalma da Ximena take so.

Wataƙila kalmar ta kowa ce.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe shida

Ruwa tun asuba. Eduvigis, maƙwabciyata ta hagu, ta shigo da sopaipilla masu zafi, irin fanken da muke soyawa a nan, a cikin tawul, kamar yadda take yi duk ranar da aka yi ruwa, wato kusan kullum. Ta same ni a gaban allo da ƙarfe uku saura. Ta tambayi abin da nake jira, na ce ba na jiran komai. Ta zauna duk da haka, har layin ya fito tana kallo, kuma duk da ba ta gama firamare ba ta iya karanta sunan tsuntsu.

Sannan ta ce, "Ke dai Herminia, da ke aka ba ƙofar Aljanna, da manzo Bitrus kansa sai ya cika takarda."

Na ce da Aljanna ta fi tsabta.

Na gaya mata cewa ba lalle Ximena ce ba, yana iya zama mijin Ximena. Ta dube ni kamar na yi mata Latin. Ta ce wane miji? Patricio ai shekara takwas ke nan da ya dawo daga Sifen, yana garin Temuco, a nan ƙasarmu, yana sayar da tayoyi, da tumbi da sabuwar mata. Ɗan 'yar'uwarta ya sayi taya a wurinsa.

Ga sunan ya shiga takardata, ba da hannuna kaɗai ba.

Ban nuna mata cewa ban sani ba. Na ce sopaipilla ta sha mai. Shekara takwas. Ashe Ximena ita kaɗai take can tun lokacin, kuma duk layinmu sun sani.

Wannan bai wanke shi ba. Mai sayar da taya yana da lokacin banza da ƙarfe uku.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe huɗu da rabi

15:02.

Zan rubuta abin sau ɗaya, ba zan sake ba.

A damunar 2006 Aurelio, mijina, yana da wata biyar a kabari. Ximena ta ce za ta auri mutumin nan ta bi shi Sifen. A gida ba mu magana sai a kan gishiri da wanki. Wata Laraba da yamma na shiga Tsibiri na tarar da Bandurria zaune a ɗakin hasumiya, inda muka saba haɗuwa tun tana makarantar sakandare. A rubuce na fi iya magana, ita ma haka. Na rufe ƙofar ɗakin, na rubuta mata abin da ban taɓa faɗa wa mahaluƙi ba. Na ce ina tsoron gidan nan. Na ce ina ajiye kofi biyu da safe in mayar da ɗaya. Na ce kada ta tafi, na roƙe ta. Awa guda ina rubutu, tana amsawa da "ina ji, Mama", "ci gaba, Mama".

Ranar Lahadi suka zo cin abincin rana. Yana miƙa hannu zai ɗauki burodi ya dube ni ya ce, "Suruka, yau kofi nawa kika ajiye?"

Shi ne a ɗakin hasumiya. Ta ba shi kalmarta don ya ga wasan, tana wurin aiki. Fuskarta ta nuna ba ta san abin da yake nufi ba, wannan na yarda. Amma ita ta ba shi mabuɗin.

Na tashi daga tebur, na shiga ɗaki, na rufe sunan bisa doka ta huɗu. Ban yi wani abu da ya wuce doka ba. Ta ce na zaɓi wasa a kanta. Na ce ta rubuto kamar kowa. Ta tafi a watan Satumba. Ta aiko kati sau biyu, ba maganar laifi a ciki, ban amsa ba, ita ma ta daina.

Don haka duk mai cewa layi ɗaya ne bai san abin da yake faɗa ba. Sau ɗaya na buɗe bakina a gaban sunan nan.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe huɗu

15:01. Saura mako biyu.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe uku da rabi

Na zauna tun uku saura kwata, babu abin da ya fito. Da na duba sama sai na ga an riga an zo: 14:02.

Kwana goma sha uku da ƙarfe uku, yau da ƙarfe biyu. An san ina zama a gaban allo, ana so a kauce mini. Wa ya sani? Eduvigis kaɗai ce ta gan ni, kuma bakinta ba shi da murfi.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe biyar

14:00.

Na je gidan Eduvigis da kaina, na tambaye ta wa ta gaya wa. Ta ce ta gaya wa kyanwarta da kuma Budurwa Maryamu, in zaɓi wadda nake zargi. Da na bayyana mata maganar awa guda sai ta ajiye wuƙar da take feraye dankali.

Ta ce jiya ɗanta da ke Barcelona ya kira ta tana tsakiyar wanka, awa guda kafin lokacinsa. Kowace shekara haka yake mata a ƙarshen Maris, domin can sun tura agogonsu gaba.

"Ke mai digiri biyu, ni ce zan koya miki agogo? A Temuco ba a taɓa agogo jiya ba, maƙwabciya. Mai tayar nan bai san ma kina raye ba."

Na dawo gida na yi lissafi a bayan ambulan. Ƙarfe bakwai na yamma ne a Sifen, kullum ƙarfe bakwai. Nibaldo zai iya ƙirƙirar layi, amma ba zai taɓa tuna agogon Turai ba, mutumin da yake manta ranar haihuwar matarsa.

Na wanke kofina. Na ga ashe na riga na wanke shi.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Na kira Nibaldo na ce ya faɗi adireshin, ba don zan yarda ba, sai don kundi ya cika. Ya ce Zaragoza, a Sifen. Sai ya yi ta gyaran murya, har na ce ya daina tari kamar injinsa. Ya ce layin da ake shigowa ta kansa na wani asibiti ne, wanda ake bai wa masu kwanciya da masu ziyara.

Na ce mutane da yawa suna aiki a asibiti. Ya ce haka ne, Malama.

Ximena zanen gine-gine ta karanta. Tana suma in ta ga jini.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu na rana

Wani abu bai taɓa zuwa mini ba sai yau. Mai sunan da aka rufe, in ya rubuta kalmarsa, ba shiru yake tararwa ba. Na'ura tana nuna masa saƙon da mai tsaron ƙofa ya bari ranar rufewa. Na buɗe na duba abin da na bari.

"An rufe wannan suna bisa doka ta huɗu. Mai shi ta san abin da ta yi."

Babu kuskure a jimlar. Kwana goma sha shida ana karanta ta da ƙarfe bakwai na yamma, a kan gado, ina tsammani, bayan an kwashe tiren abinci.

Doka ba ta hana sauya saƙon ba. Na goge shi na rubuta tambaya, irin wadda nake wa mai cewa ya manta kalmarsa: "Ina jan alƙalamina da ya ɓata a damunar 1987?" Ximena tana shekara shida ya ɓace daga tebur, ranar da nake da takardun jarrabawa ɗari da ashirin. Na yi kwana uku ina zargin mai aiki. Bayan shekara goma ina haƙa wurin shuka na same shi a cikin safar yara. Ban taɓa faɗa mata ba, ita ma ba ta taɓa faɗa mini ba.

Yadda za a amsa kuwa, wannan matsalar mai ƙwanƙwasawa ce. Ƙofa suna da kalmar sirri kawai take karɓa.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe biyu da rabi

Jiya an zo, an karanta, an tafi. Yau layi biyu ne.

"14:01. Bandurria. Kalmar sirri daidai. Suna a rufe."
"14:06. gindintuffa. Babu wannan suna."

Ta rubuta amsar a gurbin suna, domin ta san na'ura tana ajiye duk sunan da aka gwada, ko da babu shi. Gurbin ba ya ɗaukar fiye da harafi goma sha biyu, ba ya ɗaukar tazara. Wannan dabarar ɗaliban farko ce, da ita suke zagina in na kore su.

Na fita bayan gida cikin yayyafi. Itacen tuffar yana nan, ya fara zubar da ganye.

Da na dawo sai na yi tunani: mace takan ba mijinta labarin yarintarta. Tana iya gaya masa suna dariya. Na san maganar agogo, na san maganar asibiti. Amma a ɗakin hasumiya ma na tabbata.

Na sauya saƙon: "An karɓi amsa. Saura doka ta biyar. Adireshin mai tsaron ƙofa bai sauya ba."

Juma'a, 4 ga Afrilu, ƙarfe uku

14:02. An karanta. Ba a ce komai ba. Babu wasiƙa.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe uku

14:00. Babu wasiƙa. Taurin kai ne, na san inda ta gado shi. Daga wajen Aurelio.

Layi uku ya isa. Ba na neman ta durƙusa.

Lahadi, 6 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Yau mu ne muka mayar da agogo baya. Na sani, an faɗa a rediyo, na gyara na kicin da na falo da hannuna. Abin da ban yi ba shi ne lissafin bayan ambulan. Na tsaya bayan coci ina gyara wa limami Latin ɗin da ya rubuta a allon sanarwa, na iso gida biyu saura, na zauna da natsuwa. An riga an zo da ƙarfe ɗaya.

"13:01. Bandurria. Kalmar sirri daidai. Suna a rufe."
"13:03. mama. Babu wannan suna."
"13:09. gobetiyata. Babu wannan suna."
"13:20. mama. Babu wannan suna."

Minti goma sha tara tana tsaye a ƙofa, ina can ina gardama a kan harafi.

Na rubuta layin. Gaskiyar Nibaldo, ɗaya ne, bai kai daƙiƙa biyar ba. Sunan a buɗe yake tun 13:58. Babu wasiƙa, babu amsa laifi, kuma na rubuta a kundin ƙofa cewa mai tsaron ƙofa ta buɗe ba bisa doka ba, da cikakken sunana, Herminia Oyarzún Riquelme. Wanda yake son hujja ga ta nan.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Ba a zo ba. Ba a tsammanin a zo.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Ba a zo ba. Na zauna daga sha biyu zuwa huɗu, ko na sake kuskuren agogo.

Nibaldo ya nemo lambar asibitin, na kira. Wata mata mai saurin magana ta ce ba sa ba da bayanin kowa ta waya sai ga wanda majiyyaci ya rubuta sunansa. Ta tambayi sunana, ta duba, ta ce ba ya ciki. Ta ce doka ce, in yi haƙuri. Na ce na fahimta ƙwarai, doka ce mai kyau.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe uku

Ba a zo ba.

Na rubuta wa mai haɗa magani ta La Unión na ba ta haƙuri, na amince da sunanta. Ta shigo nan take, ta faɗa cikin teku sau biyu.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe biyar

Ba a zo ba.

Eduvigis ta kawo miyar kaza, ta tsaya a kaina har na sha rabi. Ba ta yi wasa ko ɗaya ba, na so a ce ta yi.

Sauya inji zai rufe Tsibiri kwana biyu. Na kira Nibaldo na ce ya ɗaga. Ya tambaya har zuwa yaushe, na ce ban sani ba. Na ce ina roƙonsa. Ya ce injin zai iya ci gaba da tari, shi ma ai yana yi, bai mutu ba.

Sunan da aka buɗe yakan farka a inda aka bar shi, wato ɗakin hasumiya. Akwai allon bango a can da kowa zai iya karantawa. Na hau na rubuta: "Har yanzu ina ajiye kofi biyu." Ban rufe ƙofar ɗakin ba. In mai tayar Temuco yana son dariya, ya zo ya karanta.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe uku da kwata

"13:07. Bandurria. Ta shiga."

Ina zaune a ɗakin hasumiya tun sha biyu. Na'ura ta rubuta cewa Bandurria ta buɗe ido, tana riƙe da fitilar mai da rabin burodi, abin da ke hannunta tun 2006. Minti huɗu suka wuce. Na san tana karanta bango. Hannuna yana kan madannai, ban taɓa ko ɗaya ba.

Sannan ta rubuta, a hankali, harufa suna tuntuɓe: "mama hanuna na dama baya aiki sosai da hagu nake rubutu kiyi hakuri"

Kuskure bakwai na ƙirga kafin in kama kaina.

Na rubuta: "Ki rubuta yadda ya zo. Ba zan gyara ba."

Ta yi dariya, wato ta ba da umarnin dariya, na'ura ta ce Bandurria tana dariya. Ta ce ashe an sace kalmar sirrin mamanta, wannan ba ita ba ce, a kira mai tsaron ƙofa.

Minti arba'in muka yi, bai fi layi ashirin ba. Ta ce sun cire abin da za su iya cirewa, sauran sai an ga sakamako. Ban tambayi sunan ciwon ba, ba ta faɗa ba. Ta ce abincinsu ba gishiri. Ta tambayi itacen tuffa. Maganar 2006 ba ta taso ba. Da ma'aikaciyar jinya ta zo karɓe mata na'ura, ta rubuta cewa ta ba su sunana yau da safe, in na kira za su amsa. Ta ce sun tambaye ta ko za a zo, ta ce ba ta sani ba.

Ban nemi wata shaida ba. Na lura da hakan ne sai bayan ta fita.

Fasfona yana cikin akwatin Aurelio, ƙarƙashin rigunan sanyi. Ya daina aiki tun 2011. Ofishin fasfo yana buɗewa Litinin da takwas da rabi, Eduvigis ta ce za ta raka ni don kada in gyara wa ma'aikacin rubutu ya ƙi ba ni. Ƙofa zan bar wa Nibaldo riƙo. Na ba shi dokokin a rubuce, guda huɗu ne yanzu, babu ta biyar.

Gobe ƙarfe ɗaya. Na sake lissafin sau biyu.